Hotunan Baba Sun Fara Fumfuna a Agege, 'Yan'uwa Kuma Suna So a Raba Su

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bara a nan Agege, inda ya yi fiye da shekara hamsin yana sana'ar goro. Da muka buɗe adakarsa, mun tarar da albam uku. Ɗaya tsoho ne mai baƙaƙen shafuka, hotunan cikinsa fari da baƙi ne tun na zuwansa Ikko a shekarun 1960. Sauran biyun irin masu danƙo ne da leda a sama, cikinsu akwai hotunan Hajjinsa da na bukukuwan gida. Wasu hotunan sun yi ɗigo-ɗigon fumfuna, wasu sun manne da shafi, masu kala sun koma ja, akwai kuma wani babba a firam da ya like da gilashi, da wata ambulan cike da nagatif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa. Yayanmu yana so a ciccire hotunan a raba wa 'ya'ya takwas, ƙanwata ta ce a kai a yi musu laminatin, kawunmu kuma ya ce ajiye hoton mamaci bai dace ba, a ƙona su. Mahaifiyarmu ba ta ce komai ba. Ni aka bar wa riƙo kafin a yanke shawara. Me zan yi?" Daga wata 'yar'uwa a Agege.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi. Amsata ita ce kada a ƙona, kada a kai laminatin, kuma kada a cire ko hoto ɗaya daga mazauninsa a yanzu, domin duk wadda aka aikata cikin shawarwarin nan uku babu mai iya warware ta, ko da daga baya an yi da-na-sani. Abin da za ki nema a wajen yayanku shi ne ya ba ki lokaci, ko da wata uku ne, ki kuma gaya masa dalla-dalla abin da za ki yi a cikinsu, don kada ya ɗauka riƙe kayan gado kike so ki yi.

A yau ɗin nan ki fitar da albam ɗin daga adaka, ki shimfiɗa su a kan tebur mai tsabta a ɗakin da iska ke ratsawa kuma rana ba ta faɗowa, ki ware wanda fumfuna ta kama daga waɗanda ba ta kama ba. Wannan kaɗai zai rage saurin ɓarnar, ya ba ki sararin yin aikin da ya fi kowanne gaggawa, wato neman sunayen mutanen da ke cikin hotunan. Na san hankalinki yana kan tabon da ke jikin takarda, amma hoton da ya yi tabo ana iya gyara kwafinsa a kwamfuta bayan shekara ashirin, sunan da ya tafi da mai saninsa kuwa ba ya dawowa. Shirun da mahaifiyarku ta yi ba rashin sani ba ne, kuma ina tsammanin babu mai rai da ya fi ta sanin waɗannan fuskoki. Ki zaɓi lokacin da hankalinta yake kwance, ki zauna kusa da ita, ki nemi izininta ki kunna wayarki tana ɗaukar murya, ku riƙa buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba. Kada ki tsaya a kan tambayar wane ne wannan kawai. Ki tambaye ta gidan wa aka ɗauka, bikin wa ake yi, wace dangantaka ke tsakanin mutumin da Baba, daga wane gari ya zo, ina zuriyarsa take yanzu. Idan kuka ya zo mata, ki rufe albam ɗin ki bari sai wata rana. Bayan ita sai gwaggonninku, sai kuma tsofaffin abokan cinikin Baba da suka rage a zango, waɗanda za su gane 'yan kasuwar da matan gida ba su taɓa gani ba. Waɗannan dattawa yayanku ne ya fi dacewa ya je musu, kuma shigar da shi cikin aikin zai sassauta zuciyarsa fiye da duk wata hujja da za ki kawo masa.

Ki sayi littafin rubutu, ki ba kowane albam lamba, kowane shafi lamba, kowane hoto lamba, ki riƙa rubuta bayanin a littafin. Inda bayan hoto yake a fili kuma kina so ki rubuta a jikinsa, ki yi amfani da fensir mai laushi, a gefe, da hannu sassauƙa, domin biro yana huda takarda kuma tawadarsa tana zuba idan danshi ya same ta. Ki lura da hatimin ɗakin ɗaukar hoto da ake bugawa a baya, wanda sau da yawa yake ɗauke da sunan titi ko unguwa. Abubuwan da ke cikin hoton ma suna faɗin shekara: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, Naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairun 1973, don haka mota a kan titi ko takardar kuɗi a goshin maroƙi za ta iya gaya miki kafin ko bayan waɗannan shekaru aka ɗauki hoton. Ga kuma dalilin da ya sa na ce kada a ciccire. Yadda Baba ya jera hotunansa, wanda ya sa a shafin farko da wanda ya ajiye kusa da wane, bayani ne da ya bari da hannunsa, kuma ranar da aka raba hotunan gida takwas wannan bayanin ya watse.

Aiki na biyu shi ne ɗaukar kwafi, kuma a fara da ɗaukar kowane shafi ɗungurungum yadda yake kafin a bi hotunan ɗai-ɗai. Idan za ki samu sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi, ki ce a saita ta a ɗigo 600 a kowane inci, a ɗauka da kala ko da hoton fari da baƙi ne, a ajiye babban kwafi a tsarin fayil mai suna TIFF, wanda ba ya rage ingancin hoto, sannan a fitar da ƙarami a tsarin JPEG don rabawa. Kada ki yarda a zura hoto a injin da ke jan takarda da kansa, kada a danne tsohon albam da ƙarfi har ƙugunsa ya tsage, kuma kada ki bar kayan a shago ki tafi, ki tsaya a yi a gabanki. Idan hakan bai samu ba, waya mai kyamara mai kyau ta wadatar: a kusa da taga da rana tsaka, a inuwa, ba tare da kunna fitilar waya ba, wayar tana fuskantar shafin daidai wa daida. Ki ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya a hannunki, ɗaya a ma'ajiyar kwamfuta da za a aika wa ɗan'uwa a Arewa, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet. Ki sani WhatsApp yana rage ingancin hoto idan an tura shi kai tsaye, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Akwai kuma manhajojin da yara ke sha'awa yanzu, masu gyara tsohuwar fuska ta koma sabuwa fil. Ina roƙonki kada ki bari abin da suka fitar ya maye gurbin kwafin asali, domin ƙirƙirar ido da baki suke yi inda hoton ya dushe, kuma jikokin da ba su san Baba ba za su tashi da fuskar da ba tasa ba.

Sai maganar danshi, wadda ita ce tushen ciwon. Baba ya san goro ba ya rayuwa sai da laima, shi ya sa ake naɗe shi da ganye a cikin huhu. Hoto kishiyar goro ne, abin da ke raya wancan shi ke kashe wannan. Fuskar hoto an shafe ta da wani sinadari mai suna jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, kuma a cikinsa ne surar take zaune, ƙwayoyin azurfa a hoton fari da baƙi, rini kala uku a hoto mai kala. Jelatin yana shan ruwan da ke cikin iska ya kumbura ya yi danƙo, shi ya sa hotuna ke mannewa da juna ko da gilashi, kuma shi ne abincin fumfuna da kyankyasai da ɗan ƙwaron nan mai launin azurfa da ke gudu idan an buɗe tsohon littafi. Masana adana kayan tarihi suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kuma fumfuna tana samun gindin zama idan ya daɗe a sama da kashi 65. A Legas kuwa, da damina, musamman a watan Yuni da Yuli, ya kan wuce kashi 80. Saboda haka dabarar iyayenmu ta sa abu mai daraja a ƙasan adaka a tura ƙarƙashin gado, wadda take aiki a Kano ko Katsina inda rani yake da tsawo, a nan cutarwa take yi, domin siminti yana fitar da laima, ƙarfe yana tsatsa, iska kuma ba ta shiga.

Ba na ba da shawarar dogaro da na'urar sanyaya ɗaki, domin wutar da ake kawowa ana ɗaukewa tana sa ɗaki ya yi sanyi ya koma zafi sau da yawa a yini, kuma wannan hawa da sauka yana naɗe takarda yana tsaga fuskar hoto. Abin da ya fi dacewa da gida irin naku shi ne akwatin roba mai murfin da ke rufewa ruf. Ki duba ƙasansa, idan kin ga lamba 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, ko haruffan PP, to robar ba ta cutar da hoto. Mai lamba 3 kuwa, wato PVC, ki guje shi. A cikin akwatin ki sa silika, ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a ƙunshi a kwalin sabon takalmi, amma ki sayi mai yawa, irin mai sauya launi idan ya ƙoshi da ruwa, ki sa shi a gefe ba tare da ya taɓa hoto ba, ki kuma haɗa da ɗan ƙaramin ma'aunin danshi don ki riƙa ganin lamba da idonki. Sharaɗin da ba a tsallakewa shi ne kada a rufe albam mai laima a cikin akwatin, domin yin haka gina wa fumfuna ɗaki ne. Lokacin da ya fi kyau a yi rufewar shi ne Disamba ko Janairu, sa'ad da hunturu ya ɗan leƙo Legas iska ta bushe. A kwantar da albam ɗin a kwance, a ɗora akwatin a kan kanta mai tsayi, jikin bangon da ke tsakiyar gida, nesa da bangon da ruwan sama ke duka, nesa da banɗaki da madafa, kuma ba dab da rufin kwano ba. Hayaƙin janareta da na turaren wuta suna dusar da azurfa, kafur da maganin ƙwari na feshi kuma bai kamata su kusanci hoto ba. Haka nan jarida, salatef, gam, allurar maƙala takarda da robar ɗaure kuɗi, duk wanda kika gani a ciki kuma yana fita cikin sauƙi, ki cire shi.

Fumfunar da ta riga ta kama, ki bari sai ta bushe ta zama gari, sannan ki fita waje a inuwa, ki sa takunkumi, ki share ta da burushi mai laushi ƙwarai, daga tsakiya zuwa gefe. Kada ruwa ko barasar goge rauni ko wani maganin goge-goge ya taɓa wurin, domin jelatin da fumfuna ta ci yana narkewa da ɗigon ruwa guda, sai ki ga fuska ta bi tsumma. Kada kuma a shanya a rana. Mai ciwon asma a gidan ya nisanci wannan aiki. Tabon da ya rage bayan sharewa ba zai fita ba, a kwafin kwamfuta ne za a gyara shi, haka ma jan da hotuna masu kala suka yi, wanda yake faruwa saboda rinin nan uku ba sa dushewa tare, mai shuɗi-shuɗi ya kan riga sauran tafiya.

Tsohon albam mai baƙaƙen shafuka ki bar shi yadda yake, in ban da farar takarda marar asid da za ki iya sawa tsakanin shafukan da hoto ke fuskantar hoto, ba da yawa ba don kada ɗaurinsa ya ɓalle. Masu danƙon nan biyu, waɗanda suka yi tashe a shekarun 1970 da 1980, su ne kaɗai nake goyon bayan a fitar da hotuna daga cikinsu, domin gam ɗin yana zama ruwan ƙasa ya bar layi-layi a bayan hoto, amma sai bayan an gama ɗaukar kwafi da rubuta sunaye. Wanda ya ɗago da kansa ki ɗauke shi. Wanda ya ɗan kama ki zura zaren sakace haƙori marar kaki a ƙarƙashinsa ki riƙa ja a hankali. Wanda ya ƙi ki bar shi a shafinsa, kada ki sa masa wuƙa ko dutsen guga. Ki mayar da su sabon mazauni bisa jerinsu na asali. A yanayin Legas ambulan na takarda marar asid ya fi aljihun leda aminci, domin leda tana riƙe laima ta manne da fuskar hoto. Nagatif ɗin kuma kada kowa ya raina su, domin daga gare su ake iya fitar da hoto da ya fi na albam kyau. Ki riƙe su ta gefe, ki ajiye su daban, idan kuma wasu suna warin tsami irin na binega, sun fara ruɓewa, su za a fara ɗauka a kwamfuta.

Ƙanwarki alheri take nufi, kuma kowa ya ga yadda ake yi wa takardun makaranta laminatin a shagunan titi. Sai dai injin yana narka gam da zafi ya haɗe leda da fuskar hoton har abada, ya kulle duk laima da fumfunar da ke ciki, kuma idan leda ta fara ɗagowa da surar take tafiya. Idan tana son hoton da za ta riƙa nuna wa yara, a buga mata sabon kwafi ta yi masa laminatin yadda take so.

Game da kawunku, ki yi masa magana da ladabin da ya cancanta, domin tsoron Allah ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, akwai masu tsanantawa, akwai masu ganin halaccinsa idan babu haramun a cikinsa, kuma da yawa daga masu tsanantawar rataye hoto a bango don girmamawa ne suka fi ƙyama. Ku je wajen malamin da gidanku ya yarda da shi, ke da yayanku da kawun, ku faɗa masa gaskiyar lamarin, cewa albam ne a rufe a akwati wanda ake buɗewa don sanin dangi da sada zumunci. Ku kuma tambaye shi hukuncin dukiyar magada, domin albam ɗin yana cikin abin da mamaci ya bari, mahaifiyarku da ku takwas duk kuna da haƙƙi a kansa, kuma bai halatta wani ya halaka shi ba tare da yardar masu shi ba. Akwai wani ɓangare na damuwar kawu da nake ganin ya kamata ku karɓa hannu bibbiyu: hotunan iyaye mata da gwaggonni na ƙuruciya, waɗanda aka ɗauka a cikin gida ba mayafi, kada a sa su a Facebook ko a zauren WhatsApp na dangi sai da izinin masu su ko 'ya'yansu.

Yayanku kuma ba abin zargi ya nema ba, kowane ɗa yana son wani abu na mahaifinsa a ɗakinsa. Rabon da yake so zai ba kowa kashi ɗaya cikin takwas, kwafi kuwa zai ba kowa duka. Ku haɗa kuɗi a buga wa kowane gida cikakken kundi mai ɗauke da sunaye a ƙarƙashin kowane hoto, na asali kuma a bar su wuri guda a hannun mutum ɗaya a matsayin amana, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa na kowa ne, da wanda zai karɓa bayan mai riƙo. Wajen zaɓen mai riƙon, a duba gidan da ya fi bushewa da mutumin da ya fi kula, ko da ba ke ba ce, ko da ba babba ba ne. Idan kuna da ɗan'uwa mai natsuwa a Kano ko Zariya, ku yi tunanin mayar da su can bayan an gama aikin, domin ƙura ana iya tsare ta da akwati mai kyau fiye da yadda ake tsare laimar bakin teku.

Muddin suna Legas, ki zauna da shirin ambaliya, domin waɗanda suka ga ruwan 10 ga Yulin 2011 sun san yadda yake shiga ɗakuna cikin sa'o'i kaɗan. Idan, Allah ya kiyaye, hotuna suka jiƙe, a raba su tun suna da ruwa, a ɗauraye masu laka da ruwa mai tsabta ba tare da gogewa ba, a shimfiɗa su fuska sama a kan zane mai tsabta, a kunna fanka, domin cikin kwana biyu fumfuna take kamawa. Babban hoton da ya like da gilashi kuma kada ki ja shi, kada ki jiƙa shi. Ki ɗauki kwafinsa ta cikin gilashin, ki ajiye shi a kwance. Idan kina son a gwada raba su, ki je Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ki nemi a haɗa ki da masu kula da tsofaffin kaya, kada ki ba mai yin firam na bakin titi. Idan kuma a cikin albam ɗin akwai hotunan kasuwar goro, ko tashar jirgin ƙasa, ko taron Hausawan zango na wancan zamani, ku shawarta ko za ku aika da kwafinsu tare da sunayen da kuka tattara zuwa Arewa House a Kaduna, inda ake tara takardun tarihin Arewa, bayan dukkan magada sun amince a rubuce.